Takardar Dala Uku

A shekarata ta biyu a Amurka aka tura ni kula da wani tsoho a Greenbelt. Kamfanin da nake wa aiki ƙarami ne, ofishinsa a Landover, aikinsa tura masu jinya gidajen mutane. Shugabarmu wata baƙar fata ce 'yar ƙasar nan, mai magana a taƙaice. Ranar da ta ba ni adireshin sai da ta sake karanta min dokokin da na riga na sa wa hannu: kada in makara, kada in ba da maganin da likita bai rubuta ba, kada in karɓi kyautar komai daga hannun majinyaci.

A Kano ni malamar makaranta ce, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandaren 'yan mata. Maigidana ya riga ni zuwa da shekara shida, yana gyaran na'urori a wani asibiti. Takarduna na zama suna hannun hukuma a lokacin, muna jiran a kira mu ganawa. Wanda bai taɓa wannan jiran ba ba zai gane ba. Ko titi zan tsallaka sai na jira fitila ta ba ni hannu, ko da babu mota ko ɗaya.

Kullum da safe nakan hau jirgin ƙasa na Green Line daga Hyattsville, in sauka a tashar ƙarshe, in hau bas. Tsohon Bature ne, dogo, shekararsa tamanin da bakwai. Ya koyar da tarihi har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana Virginia. Idanunsa sun yi rauni ƙwarai, mantuwa kuma ta fara kama shi, wata rana garau, wata rana ya tambaye ni sau huɗu ko ya karya kumallo. Baba nake ce masa. Da ya tambayi ma'anar kalmar na gaya masa, sai ya ce ta yi masa, in ci gaba. Shi kuma da ya ji aikina na Kano sai ya riƙa ce min malama.

A satina na farko, bayan na gama gyara shi na zaunar da shi kusa da taga, ya ce in ɗauko masa albam na biyu a kan kanta, mai koren bango. Na ɗauka hotunan iyali ne. Da na buɗe sai na ga takardu jere cikin aljihunan leda, uku uku a kowane shafi. Sirara ne, sun yi ruwan ƙasa, wasu gefensu ya cinye. Kowacce da rubutun dala a jikinta, amma babu wadda ta yi kama da dalar da ke jakata.

Na ce, "Baba, kuɗin wace ƙasa ne wannan?"

Ya ce, "Na nan ne. Karanta min sunan da ke sama."

Na karanta. Sunan wani banki ne, da sunan wani gari da ban taɓa ji ba. Ta ƙasanta wani banki ne daban. Ta uku ma haka.

Ya gyara zama, na ga malamin da ke cikinsa ya farka. Ya ce kafin yaƙin basasarsu gwamnatin tarayya ba ta buga kuɗin takarda na yau da kullum. Tsabar zinariya da azurfa take bugawa. Takarda kuwa bankuna ne suke buga abinsu, kowane da tasa. A jihohi da yawa, in mutane suka haɗu suka ajiye jinginar da doka ta ce, shi ke nan sun zama banki, sai su je wurin masu zane su zaɓi hoton da suke so, a buga musu. Shugaban banki da ma'ajinsa su zauna su sa hannu a kowace takarda da alƙalami. Ya ce in duba bayanta. Na juya shafin, na ga babu komai, fari fat.

"Alkawari ne kawai," in ji shi. "An rubuta cewa duk wanda ya kawo wannan takarda bankin zai ba shi tsaba. In bankin yana nan. In kuma yana da tsabar."

Na ce, "To idan mutum ya zo da takardar wani gari mai nisa zai sayi kaya fa?"

"Sai mai shago ya jawo ɗan littafinsa daga ƙarƙashin kanta. Akwai masu buga irinsa a kai a kai. Ya duba ko bankin yana raye, ya duba ko an ce ana buga jabunsa. In ya ga dama ya karɓa a rage, in bai ga dama ba ya ce a kawo wata. Ke kuma kina tsaye, mutane suna kallonki."

Na tuna mahaifiyata lokacin canjin kuɗi na baya-bayan nan, da ta kira ni a waya tana cewa mai nama ya ƙi karɓar tsofaffin takardunta, ga su a hannu amma ba za su sayi komai ba. Na ba shi labarin. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe na riga na san darasin.

Daga nan abin ya zame mana aikin kullum. Bayan abincin rana zan ɗauko albam ɗaya cikin shida, in riƙe gilashin ƙara girma, in faɗa masa abin da nake gani, tunda shi ba ya iya gani. Jirgin ruwa mai hayaƙi. Maƙeri a gaban wuta. Mace rungume da damin alkama. Shi kuma ya gaya min inda bankin yake da yadda ya ƙare. Yawancinsu rufewa suka yi. Wasu da gangan aka kafa su a tsakiyar daji, inda mai takarda zai yi kwanaki a kan doki kafin ya isa ya nemi tsabarsa, in ya isa ma ya tarar da ɗakin katako a kulle. Ni kuma in na koma gida sai in buɗe taswira in nemo garuruwan, kamar mai shirin shiga aji.

Wata rana na iso wani shafi na yi shiru. Takardar wani banki ce ta kudu. An zana baƙaƙen mutane a gonar auduga, kwanduna a kafaɗa, an yi musu fuskar murmushi.

Ya ce, "Na san inda kika iso."

Na ce, "Bayi ne."

"Bayi ne. A wasu bankunan da bayin ake yin jingina, kamar yadda ake yi da gona. Kowace shekara ita nake fara kai wa ɗalibaina. In kina so mu tsallake shafin."

Ban tsallake ba. Na faɗa masa duk abin da ke jiki, har yawan kwandunan. Ranar ban yi masa hira sosai ba, shi ma bai nema ba.

Wata biyar muna haka. Ranar wata Alhamis cikin bazara, yana cikin ranakunsa masu kyau, muka iso wata takardar dala uku ta wani banki a Michigan. An zana wata mace tsugune tana tatsar saniya, maraƙi a gefe. Na ce masa ta tuna min matan da suke kawo mana nono a unguwarmu. Sai ya laluba da yatsunsa ya zaro ta daga ledar, ya miƙo min.

"Riƙe. Taki ce."

Na ce, "Baba, ba a yarda mu karɓi kyauta ba."

"Ba kuɗi ba ce. Ta fi shekara ɗari da hamsin ba ta sayi komai ba."

Na sake ƙi. Na ƙi sau uku. A na ukun fuskarsa ta canza, ya ce a gidansa ma an hana shi yin abin da yake so da kayansa, an hana shi mota, an hana shi hawa bene, yanzu kuma an hana shi kyauta. Na ji tsoron kada jininsa ya hau. Na karɓa, na sa ta a tsakiyar ɗan littafin addu'o'in da ke jakata, da niyyar in mayar da ita ledarta gobe ba tare da ya sani ba.

Washegari muna da ganin likita, ba mu buɗe albam ba. Litinin na manta. Talata na tuna, amma ban mayar ba. Zan iya cewa dama ce ban samu ba, amma ba haka ba ne. Son ta nake yi. Tun zuwana ƙasar nan babu wanda ya ba ni wani abu don ya ga ya dace da ni. Na cire ta daga jaka na sa a ambulan, na ajiye a ƙasan durowar da nake zuba mayafai. Ko maigidana ban gaya wa ba.

Bayan kamar wata biyu, ranar wata Talata, ɗan nasa ya zo. Lahadi yake zuwa, shi ya sa sau biyu kawai na taɓa ganinsa. Mutum ne mai kusan shekara sittin, mai furfura, kullum kamar a gajiye. Ya gaishe ni, ya ce zai ɗauki hoton albam ɗin ne, domin kuɗin jinya ya yi yawa, yana tunanin a sayar da wasu. Ya kwashe su ya kai teburin cin abinci. Ina kicin ina dafa wa Baba miya, ina jin ƙarar juya shafi.

Can sai ƙarar ta tsaya. Na ji ya ja kujera. Ya zo ya tsaya a ƙofar kicin da wani tsohon littafin rubutu a hannunsa.

"Zan iya tambayarki wani abu?"

Na rage wuta na juyo.

"Babana ya rubuta duk abin da ke cikin albam ɗin nan tun yana gani. Akwai aljihu uku da babu komai a ciki. Kirsimetin da ya wuce a cike suke, ni na buɗe masa da hannuna."

Uku. Ban san da sauran biyun ba. Albam shida ne, mukan yi makonni ba mu koma kan ɗaya ba.

"Ke kike buɗe su kullum, ko?"

Na ce, "Ni ce."

"Kin ɗauki wani abu daga ciki? Ko ya ba ki?"

Ya ba ni ƙofa da bakinsa. Har yau ina jin muryarsa lokacin da ya ce ko ya ba ki. Amma abin da na gani a lokacin shi ne takardar dokokin da na sa wa hannu, da fayil ɗina a ofishin hukuma, da kalmar uku. Bakina ya riga ni.

Na ce, "A'a."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya wuce falo, na bi shi ina goge hannu a atamfar da na ɗaura a kan kayan aiki. Ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya tambaye shi ina takardu uku suka tafi. Ranar ba ta cikin masu kyau. Baba ya ce a tambayi matarsa, ita take gyara kanta. Matar da ta shekara tara da rasuwa.

Ɗan ya miƙe. Ya ce da ni, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, ɗaya daga cikin ukun tana da daraja sosai. Ya ce ba ya zargin kowa tukuna, amma zai kira kamfaninmu yau, kuma in har zuwa Juma'a ba su fito ba zai kai wa 'yan sanda rahoto, domin inshora ba za ta saurare shi ba sai da haka.

Na gama miyar. Na ba Baba a baki. Ƙarfe huɗu na fita. Ina tsaye a tashar bas shugabarmu ta kira, ta ce kada in koma gidan sai ta neme ni, za a tura wata.

Na tarar da maigidana ya dawo, ya idar da la'asar yana zaune a kan darduma. Ban ko cire takalmi ba na wuce ɗaki na ɗauko ambulan ɗin na ajiye a gabansa, na gaya masa komai.

Ya daɗe yana kallon takardar bai taɓa ta ba.

"Kika ce masa a'a?"

"Na ce a'a."

"Innalillahi. Ke kuwa me ya kai ki? Wannan tsummar?" Ya tashi ya rufe taga, kamar maƙwabta za su ji Hausa. "Wata nawa tana gidan nan?"

"Biyu."

"A gidana, ban sani ba."

Ya zagaya falon ya dawo. Ya ce in an kai rahoto, ko ba a kama ni ba sunana ya shiga, kuma ranar ganawa za a tambaya. Ya ce aikinsa ma a asibiti ne, ana bincike duk shekara. Sannan ya rage murya ya ce akwai ashana a kicin. Babu wanda ya gani, tsohon ba ya tunawa, in ta ƙone magana ta ƙare.

Na ce, "Malam, ba tawa ba ce da zan ƙona."

"Ɗazu kika ce ba ki ya yi."

"Ya ba ni. Amma na ce bai ba ni ba."

"To ki saurare ni. In kika mayar da ɗaya, cewa za su yi ina biyun. Kin riga kin yi ƙarya sau ɗaya, wa zai yarda da ke a na biyu? Kin yi tunanin wannan?"

Na yi tunaninsa tun daga Greenbelt har gida. Gaskiya ya faɗa.

Laraba ya tafi aiki bai karya ba. Na wuni ni kaɗai a gidan. Na wanke abin da ba ya buƙatar wanki. Duk motar da ta tsaya a ƙasan benenmu sai na leƙa ta labule. Sau biyu na ɗauko ashanar. A karo na biyu har na fito da takardar na riƙe ta a kan wurin wanke-wanke. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ɓawon albasa. Na ga sa hannun mutum biyu a ƙasa, tawadar ta koma ja. Abin da ya tsayar da ni ba wani babban tunani ba ne. Na ga kawai cewa in na ƙona ta, zan ci gaba da cewa a'a har ƙarshen rayuwata, ga ɗan, ga shugabarmu, ga 'yan sanda in sun zo, wataƙila da rantsuwa. Na san kaina. Ba zan iya riƙe fuskata ba.

Da ya dawo na gaya masa gobe zan je Landover. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Da safe na fito na tarar ya kira wurin aiki ya ce zai makara, yana zaune a mota yana jirana. Da muka isa zan fita ya ce, "Ki faɗi abin da ya faru kawai. Kada ki ƙara, kada ki yi kuka. Ina nan."

Shugabarmu ta saurare ni har na gama, hannunta a kan tebur. Ta buɗe ambulan ɗin ta leƙa, ta rufe.

"Sauran biyun fa?"

"Ban san komai a kansu ba."

"Shekaranjiya ma ba ki san komai a kan wannan ba."

Na ce haka ne.

Ta cire tabarau ta murza idanunta. Ta ce da na kira ta tun ranar da ya ba ni, da rubutu ɗaya za ta yi a fayil, a mayar, shi ke nan. Ta ce tsofaffi suna ba da kaya kullum, ba ni ce ta farko ba. Yanzu kuwa ba ta san abin da za ta iya yi min ba. Ta ɗaga waya ta kira ɗan a gabana. Ya ce mu same shi a gidan Baba da ƙarfe biyu.

A motarta muka tafi, maigidana yana bin mu a baya. Ya tsaya a bakin titi bai shigo ba.

Baba yana kujerarsa kusa da taga, wata sabuwar mai jinya tana tsaye a bayansa. Albam ɗin duka an kwashe su daga kanta. Ɗan bai ce mu zauna ba. Na miƙa masa ambulan ɗin da hannu biyu, na ce mahaifinsa ne ya ba ni ranar wata Alhamis, na ƙi, ya matsa, na karɓa, kuma shekaranjiya na yi masa ƙarya saboda tsoro. Na ce ya yafe min.

Ya zaro takardar ya duba littafin rubutun. Ya ce, "Wannan ba ita ce mai darajar ba."

"Ita kaɗai ce a wurina."

"Ta yaya zan san haka?"



Sai Baba ya ce, "Muryar wa nake ji? Malama ce?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Ina kika shiga? Wannan ba ta iya karatu ba, sauri take yi." Ya miƙo hannu. "Me kuke kallo?"

Ɗan ya yi jinkiri, sannan ya sa masa takardar a tafin hannu. Baba ya shafa gefenta da babban yatsa, inda wata kusurwa ta yage. Ya ce mai saniya ce. Ya faɗi sunan bankin, ya ce bai kai shekara biyu ba ya rufe. Sannan ya ɗaure fuska.

"Me take yi a nan? Na ba malama."



Ɗan ya durƙusa da sauri. "Baba, sauran biyun fa? Ita ka ba?"

Baba ya juya kai wajen shugabarmu, wadda bai taɓa gani ba, ya tambaye ta ko ita ce ta zo gyaran famfo. Ɗan ya sake tambaya, ya sake. Baba ya fara fushi, ya ce a bar shi ya huta.

A bakin ƙofa ɗan ya ce da shugabarmu, ba da ni ba, maganar mahaifinsa ba abin dogaro ba ce, ko ta wanke ni ko ta kama ni. Ya ce zai yi tunani zuwa gobe.

Juma'a ta zo ta wuce babu kira. Asabar, Lahadi. Ban je ko'ina ba, ko shagon da muke sayen garin tuwo da manja maigidana ne ya je. Mahaifiyata ta kira daga Kano ta ce muryata ta canza, na ce mura ce. Wayata na hannuna ko alwala zan yi. Ranar Litinin da hantsi aka buga ƙofa da ƙarfi sau uku. Na tsaya a tsakiyar falo na kasa motsi, har sai da na ji muryar mai duba na'urar gano hayaƙin gobara ta ginin yana cewa zai dawo anjima. Na zauna a ƙasa a inda nake.

Kwana tara bayan zuwanmu gidan, shugabarmu ta kira. Ta ce in zauna in ba a zaune nake ba.

Ashe ɗan bai je wurin 'yan sanda ba tukuna, ya fara bin duk wanda yake shiga gidan yana tambaya. Matar da take zuwa ranar Asabar tana motsa wa Baba gaɓoɓi, da ta ji tambayar sai ta buɗe jakarta ta fito da ɗaya, ta ce ya ba ta tun cikin sanyi, ta ɗauka kwafi ce irin ta shagon tsaraba. Ta ukun, mai darajar, tana gidan maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da take kawo masa kek ranar Lahadi. A jikin firij ɗinta aka same ta, an manne ta da maganaɗisu tare da hotunan jikoki.

Shugabarmu ta yi 'yar dariya, ni ban iya ba. Ta ce duk da haka akwai takardar gargaɗi da zan zo in sa wa hannu, kuma kwanakin da na yi a gida ba za a biya ni ba. Gidan Greenbelt kuma ba zan koma ba, iyalin sun nemi a bar musu sabuwar. Za ta nema min wani wuri.

Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya ce alhamdulillahi sau uku, ya zauna a kan kujera da takalminsa. Can ya ce, "Maganar ashanar nan, ki manta na faɗa." Na ce na manta.

Bayan kwana biyu, ina yanka alayyahu, wata lamba ta kira ni. Ɗan ne. Ya ce ya karɓi lambar a ofis, yana fatan ban damu ba. Ya ce ya kira ne ya gaya min da bakinsa cewa ya san ban saci komai ba, kuma ya yi nadamar kwanakin da na yi cikin damuwa. Na gode masa. Sannan ya ce ba zai ɓoye min ba, ba don takardar ya ce kada in dawo ba. Yana zaune nesa, mahaifinsa ba ya iya gaya masa abin da ke faruwa a gidan, dole ne in ya yi tambaya ya samu amsar gaskiya a karon farko.

Na ce, "Na gane. Da ni ce, haka zan yi."

Ya ce wata mai zuwa zai mayar da shi Virginia, akwai wani gidan tsofaffi kusa da su.

Na ce to in haka ne akwai abin da ya kamata su sani, wanda ba a rubuce yake ba. Kada a ba shi ƙwayoyinsa da ruwan sanyi, shaƙe shi suke yi, sai da mai ɗumi, ɗaya bayan ɗaya. In ya ce ba ya jin yunwa kada a yi masa gardama, a ajiye kwanon kusa da hannunsa na hagu a yi kamar an manta, zai ci. Kuma ƙafarsa ta dama takan kumbura da yamma, a riƙa dubawa, ba zai faɗa ba.

Ya ce in dakata ya nemo biro. Na ji yana buɗe durowa. Na sake faɗa masa a hankali yana rubutawa, ya karanto min, na gyara masa ɗaya. Ya yi godiya, na ce ya gaishe min da Baba in ranar mai kyau ce, muka yi sallama.

Litinin ɗin da ta biyo na fara aiki a wani gida a Landover, wurin wata tsohuwa mai ciwon suga da ba ta son a kashe talabijin.